Tsohon Raleigh, ɗan Indiya ko na Beljiyam: wanne ya ci kuɗinsa a kasuwar intanet?

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kekunan da suka shekara suna shan ƙura a zaure da bayan ɗaki suka fara fitowa. Wasu an kai su wurin mai gyara. Wasu an goge su da tsumma, an ɗauki hotonsu an ɗora a Jiji da Facebook da sitatus na WhatsApp. Mai neman keke a waɗannan wurare yau kaya iri uku zai tarar a jere. Ga tsohon ɗan Ingila mai birkin sanda, Raleigh ko Hercules ko Phillips ko Rudge. Ga ɗan Sin ko ɗan Indiya mai irin wannan ƙirar, Phoenix ko Hero ko Avon, sabo ko na hannu. Ga kuma na Beljiyam, gwanjon da ake saukewa daga kwantena, daga Japan da Holan da Jamus da Amurka. Farashin kuwa ba ya bin wata ƙa'ida da ido zai gane nan take. Sai ka ga Raleigh da ya haura shekara 40 an yi masa kuɗin da ya ninka na sabon Hero, a ƙasansa kuma ga wani Raleigh ɗin da kuɗinsa bai fi na tayoyinsa biyu ba.

Kuɗin da ke rubuce a jikin talla buri ne na mai kaya, ba shi ne farashi ba. Yawancin masu tsawwalawa hanya ɗaya suka bi: wani yaro a gidan ya shiga eBay, kasuwar intanet ta ƙasashen waje, ya rubuta sunan keken, ya ga abin da Turawa suka sa wa nasu da fam ko da dala, ya buga lissafi da canjin yau, aka ce ai ashe dukiya ce a jingine a zaure. Kuskure biyu ne a nan. Na farko, abin da ya gani kuɗin da ake nema ne, kuma talla tana iya shekara a wurin ba wanda ya taya. A eBay ɗin akwai inda za ka latsa ya nuna maka kayan da aka riga aka sayar kaɗai, tare da kuɗin da aka biya, kuma sau da yawa tazarar da ke tsakanin lissafin biyu tana da faɗi. Na biyu, ba kowane tsohon keke masu tara kayan tarihi ke bi ba. Suna bin Raleigh Chopper, keken yara mai dogon sirdi da ya yi tashe a Ingila a shekarun 1970, domin waɗanda suka hau shi suna yara su ne masu kuɗi yanzu. Suna bin kekunan tsere na Italiya da Faransa, musamman tun da aka fara gasar L'Eroica a Italiya a 1997, wadda ba a shiga sai da keken da ƙirarsa ba ta wuce ta 1987 ba. Baƙin keke mai nauyi irin na kakanninmu kuwa, ko a Ingila ba abu ne mai wuyar samu ba. A 1951 kaɗai kamfanin Raleigh ya ƙera keke sama da miliyan ɗaya.

Saboda haka ma'aunin da ya dace da mu a gida yake. Kowane tsohon keke yana da ƙasa yana da sama. Ƙasansa shi ne abin da 'yan gwangwan za su biya idan sun ɗora shi a sikeli, ƙarfe ne da bai wuce kilo 20 da 'yan kai ba. Samansa kuma, ga mai son hawa, shi ne kuɗin sabon ɗan Indiya ko ɗan Sin a shago a garinku a wannan makon. Kafin ka taya kowane keke a intanet, ka fara kiran mai shago ka ji wannan kuɗin. Duk abin da aka ɗora a kansa, kuɗin suna ne da marmari, kuma ba laifi ba ne mutum ya biya shi muddin ya san abin da yake biya ke nan.

Tsohon ɗan Ingila

Abin da ake saya a jikin tsohon Raleigh bodi ne. Ƙarfensa mai kauri ne, an zura bututun cikin mahaɗi an narka tagulla a ciki, kuma fentinsa da silbarsa sun fi na masu kwaikwayonsa jure shekaru nesa ba kusa ba. Busasshiyar iskar Arewa ma ta yi mana rana a nan. Keken da ya zauna a Katsina ko Maraɗi tsatsarsa a fata take tsayawa, wanda ya zauna a Legas ko Fatakwal kuwa daga ciki take cinsa, ta ƙasan bututun da ke riƙe tayar baya, inda hoto ba ya nunawa. Idan talla biyu sun yi kunnen doki a kuɗi, tambayi inda kowanne ya yi zamansa.

Sai maganar asali, domin a nan ake yi wa mutane kallon kitse a ba su rogo. Tambarin nan mai kan zalɓe da ke gaban keken da 'yan ƙananan ribiti aka kafa shi, kuma ana sayar da shi shi kaɗai a intanet, haka sitikun jiki. Mai fenti da ya iya hannunsa zai mayar maka da Phoenix ya koma Raleigh cikin yini biyu. Don haka kada tambari ya ishe ka. Ka sa a ɗauko maka hoton faifan sarƙa: na Raleigh an huda siffar kan zalɓe a jikinsa. Ka duba kafaɗar fok, inda ƙafafunsa biyu suka haɗu a saman taya: ta Raleigh bututu ce a kwance, kowane gefe da ɗan farin murfi mai loɓawa ciki kamar an danna shi da yatsa. Sai lambar da aka buga a jikin ƙarfen, a ƙarƙashin sirdi ko a ƙasan cibiyar feda. Daga wajen 1974, lambar da ta fara da harafin N ta masana'antar Raleigh da ke Nottingham a Ingila ce. Idan keken mai giya uku ne na kamfanin Sturmey-Archer, aiki ya zo da sauƙi, domin a jikin hob ɗin baya, wato cibiyar tayar baya, ana buga shekara da wata. Ka goge maiƙon da tsumma, idan ka ga 74 da 6, watan Yunin 1974 ke nan. Hob ɗin kawai wannan ya tabbatar, don ana iya canza ƙafar baya gaba ɗaya, amma idan ya yi daidai da lambar bodi ka samu shaidu biyu.

Akwai kuma wani abu da masu talla ba sa son faɗa. Raleigh ya yi masana'anta a Bompai a Kano, kuma kekuna da yawa da ke hannun mutanenmu daga nan suka fito. Raleigh ne na gaskiya, ba jabu ba, kuma sun yi wa manoma da malaman makaranta da masinjoji aiki har sun gode. Sai dai wanda ya rubuta “ɗan Ingila” a tallarsa ya ƙara kuɗi saboda haka, shi ya kamata ya kawo hujja. Haka nan sunan Hercules da BSA da Phillips: kamfanin TI Cycles na Indiya ya daɗe yana ƙera kekuna da waɗannan sunaye bisa izini, don haka ganin sunan kaɗai ba ya nufin keken ya taɓa shaƙar iskar garin Birmingham na Ingila. Raleigh ɗin kansa ya daina ƙira a Nottingham a 2002, a 2012 kuma wani kamfanin Holan mai suna Accell ya saye shi. Sabon keke mai wannan suna ba shi da wata alaƙa da wanda baba ya hau, in ban da zalɓen.

Babbar matsalar tsohon Raleigh ba a ranar saye take bayyana ba, sai ranar gyara. Kamfanin ya yi wa kansa tiredi na daban. A cibiyar feda da wuyan keke, tiredinsa zara 26 ne a kowane inci, alhali kekunan sauran masana'antun Ingila da kusan duk na duniya yau 24 ne. Bambancin bai kai a gan shi da ido ba. Mai gyara zai ɗauko sabon kofin boris na kasuwa, ya murza ya shiga zagaye biyu ko uku, ya cije, shi kuma ya sa sifana da ƙarfi, wani ma har da guduma. Zai shiga, amma tiredin bodin ya tafi ke nan, bayan wata biyu feda ta fara kaɗawa, daga nan sai walda. Shi ya sa Raleigh da kofunansa na asali ke jiki ya fi wanda aka yi wa sabon fenti daraja a wurina. Boris ɗin ciki kuwa ba damuwa, irin na kowa ne, ana samunsa a kowace rumfar mai faci.

Tunda an zo kan fenti: sabon fenti a jikin tsohon keke rage masa kuɗi yake yi, ba ƙari ba. Masu tara kayan tarihi tsohon fentin suke so ko ya koɗe. Mai hawa kuma ya kamata ya tambayi abin da aka rufe. Keken da ya taɓa yin karo da gaba yana barin alama, ɗan ƙullutu ko tattarewa a ƙasan bututun nan biyu daf da wuya, fok kuma ya ɗan koma baya. Yatsa yana jin wannan ko an shafe shi da fenti. Waldar lantarki a kan mahaɗi ma alama ce mara kyau, don irin wannan bodi waldar gas da tagulla yake so. Idan ka samu zuwa ganin keken, tafi da zare. Ɗaura shi a inda tayar baya ke zama ta dama, zagayo da shi ta wuyan keke, dawo da shi ka ɗaura ta hagu, sannan ka auna tsakanin zaren da bututun sirdi ta kowane gefe. Idan ɗaya ya fi ɗaya da abin da ya kai kaurin yatsa, bodin ya karkace, kuma irin wannan keken ne ke ja gefe da zarar ka saki kai. Ka kuma kwance sandar sirdi ka ga tana motsi. Wadda tsatsa ta haɗe da bodi tana iya cin yini guda a wurin mai gyara, wani lokacin ma a fasa.

Idan aka ɗauka kuɗin sabon ɗan Indiya 100 ne, ni zan biya 100 ɗin, har in ɗan ɗora, a kan Raleigh miƙaƙƙe da ba a taɓa walda ba, mai cikakkun kaya: giyakes, sandunan birki, kariya, fitila. Mai lafiyayyen bodi da ke neman rim da tayoyi da sirdi ba zan wuce rabi ba, don ragowar rabin gyara zai cinye. Wanda aka yi wa walda a wuya ko a cibiya, kuɗin sikeli ne da ɗan ihsani. Wannan ra'ayina ne, wani mai marmari zai wuce haka kuma ba zan ce ya yi wauta ba.

Ɗan Sin da ɗan Indiya

A kan waɗannan ba sai an ja zance ba. Phoenix daga Shanghai yake, Flying Pigeon daga Tianjin tun 1950, Hero da Avon daga Ludhiana a jihar Punjab, Hero ɗin tun 1956. Dukkansu ƙirar keken Ingila suka ɗauka suka ci gaba da yi bayan masu ita sun bari. Silbarsu tana saurin tashi, notinsu laushi gare shi, sabo kuma sai an kai shi an ɗaure sifok an sa giris kafin ya zama abin hawa. Amma babu ƙauyen da za ka lalace da shi a rasa kayansa. Taya mai lamba 28 x 1½, tib, sarƙa, firiwil, kotafin, robar birki, duk suna rataye a rumfar mai faci. Ga mai ɗaukar buhun taki ko jarkokin ruwa ko mai tallan burodi, musamman mai sanda biyu, ba na ganin dalilin da zai sa ya biya kuɗin suna.

Wani abu ɗaya: a cikin wannan jinsin ma tsoho yakan fi sabo. Masu gyara da yawa za su gaya maka Phoenix na shekarun baya ya fi na yanzu nauyin ƙarfe. Na hannu mai lafiya a rabin kuɗin sabo, shi ne cinikin da ya fi kowanne tsafta a duk kasuwar, kuma shi ne wanda ba a cika yi wa ƙarya a talla ba, tunda ba wanda ke ɓata lokacinsa ya yi jabun Avon.

Na Beljiyam

Nan ne kasuwa ta fi faɗi, nan ne kuma aka fi samun garaɓasa da asara a kwantena ɗaya. Kashi uku ne a aikace.

Akwai 'yan Japan masu kwando a gaba, Bridgestone da Panasonic da Miyata da ire-irensu. Ba su da sandar sama, don haka mai doguwar riga da ɗalibai da dattawa suna jin daɗinsu. Da yawa suna zuwa da giya uku na kamfanin Shimano a cikin hob, da fitilar da ke samun wuta daga hob ɗin gaba. Ba na ɗaukar kaya ba ne, kariyarsu da sifok ɗinsu ba za su jure buhu ba. Akwai 'yan Holan, Gazelle da Batavus da Sparta, dogaye masu ƙarfi, an yi su ne don mutane dogaye, don haka gajere ya tambayi tsawon bodi kafin ya tura kuɗi. Sai kekunan hawan dutse na shekarun 1990, Trek da Giant da Specialized masu faɗin taya. A ganina wanda ba shi da shokozoba, mai bodin ƙarfe, shi ne ya fi dacewa da hanyoyinmu masu yashi da rami: ya fi baƙin keke sauƙin nauyi sosai, birkinsa ya fi birkin sanda kamu musamman da damina, kayan Shimano ɗinsa kuma suna shiga juna. Mai shokozoba a gaba da baya wanda ke ƙyalli a hoto, shi ya fi ruɗar yara, shi kuma ya fi saurin zama kaya. Shokozobar gwanjo ta riga ta mutu tun a can, nauyinta kawai za ka riƙa ja.

Ka nemi a manna maganaɗisu a bodi kana kallo a bidiyo. Idan ya kama, ƙarfe ne, mai waldar unguwa zai iya da shi ranar da ya tsage. Idan bai kama ba alminiyam ne, ba ya tsatsa kuma ba nauyi, amma tsagewarsa sai mai walda na musamman, kuma ko an yi ba ya komawa kamar da.

Tarkon da ya fi kama mutane a wannan ɓangare taya ne. Lambar inci da ke jikin taya ba ta da amana. Taya 28 ta baƙin keke rim ɗinta milimita 635 ne, taya 28 ta yawancin 'yan Holan da Jamus kuwa 622 ce, ba sa shiga juna. Taya 26 ta keken dutse 559 ce, 26 x 1⅜ ta 'yan Japan da ƙananan Raleigh 590 ce. Ta tsofaffin kekunan tsere mai lamba 27 kuma 630. A gefen taya akwai wata lamba kamar 37-590 ko 40-635, ita za ka sa a ɗauko maka hotonta, ka kai wa mai sayar da taya a garinku ka ji ko yana da ita da nawa. Keken da sai an aika Kano ko Onica kafin a samo masa taya, arhar da aka yi maka a kansa bashi ce.

A cikin gwanjon nan jefi-jefi akan tsinci keken tsere na gaske, siririn ɗan Faransa ko Italiya ko Ingila, mai sitikar Reynolds 531 ko Columbus, wato sunayen bututun ƙarfe masu inganci, da kayan kamfanin Campagnolo. Mai kwantena ba ya bambanta shi da sauran, wani lokacin ma ya fi arha don siririyar tayarsa ba ta da masoya. Irin wannan ne kaɗai ke da kasuwa a waje. Sitika ana bugawa, don haka ɗaga shi za ka yi: na kirki yana wajen kilo 10, na talakawa mai kama da shi yana kai 13 ko 14. Peugeot, wanda mutanen Nijar suka fi mu sani, ya yi duka biyun, kuma a hoto kusan kamarsu ɗaya. Tsohon ɗan Faransa shi ma da nasa tiredin da nasa awon, har feda da kotafin, don haka ciwon kan Raleigh yana nan a jikinsa da wani salo.

Kayan gyara: me ya cancanci a yi odarsa?

Ga wanda ya gaji keken mahaifinsa yana son ya tashe shi, shawarata ita ce ya fara da gida. Ya zaga Panteka a Kaduna ko Ƙofar Ruwa a Kano, ya kuma zauna da tsofaffin masu gyaran keke, waɗanda kowannensu ke da wani gwangwani ko buhu na tarkacen da ya tara shekara da shekaru. Mataccen Raleigh guda da aka saya a kuɗin sikeli zai ba ka kofunan boris, notina, sandunan birki da faifan sarƙa, waɗanda idan ɗaya-ɗaya za ka yi odarsu sai sun ninka kuɗin keken. Dalilin shi ne a kasuwar waje an daɗe da gane cewa keke a warwatse ya fi keke a haɗe kuɗi, shi ya sa dillalai ke farke shi su sayar gunduwa-gunduwa. Mai saye ya juya wannan lissafin: ya sayi cikakke ya cire abin da yake so.

Cikakken keke daga waje kuwa a manta da shi. Kamfanonin jigila irin DHL ba nauyin kaya kaɗai suke aunawa ba, suna auna girman kwali: tsawo sau faɗi sau tsayi da santimita, a raba da 5000. Kwali mai 140 da 25 da 80 zai ba da kilo 56, wato keken kilo 20 za a caje ka kusan ninki uku na nauyinsa, da dala, ga kuɗin kwastan. Tun da aka saki naira a Yunin 2023, dala ta tashi daga wajen 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024, wannan hanya ta rufe ga duk wanda ba kuɗi ne suka yi masa yawa ba.

Abin da ya cancanci oda shi ne ƙarami, mara nauyi, wanda babu madadinsa: kofin boris mai tiredi 26, 'yar sarƙar da ke jan giya daga cikin hob na Sturmey-Archer, makunnin giyar, ƙananan sifirin na ciki. An yi sa'a hob ɗin samfurin AW, wanda aka fara a 1936, an yi shi da yawan gaske, kuma bayan kamfanin SunRace na Taiwan ya sayi Sturmey-Archer a 2000 an ci gaba da yin wasu kayansa. Hob ne mai wuyar mutuwa. Wanda aka ce ya lalace, sau da yawa busasshen mai ne ya daskare a ciki ko wayar ba ta saitu ba, sai feda ta riƙa zarcewa tsakanin giya ta biyu da ta uku. 'Yan ɗigon baƙin mai ta ƙofar da ke jikinsa da saiti sukan tashe shi. Idan za ka sayi hob ɗin ɗungurungum, ƙirga ramukan sifok. Tsofaffin kekunan Ingila 40 ne a baya, 32 a gaba, na baya-bayan nan 36, kuma hob mai 40 ba ya ɗaurawa a rim mai 36.

Sirdin fata na Brooks shi ne abin da ya fi jan ido, shi ne kuma na fi jan kunne a kansa. Har yau ana yin sabo a Ingila, samfurin B66 da B33 masu sifirin irin na baƙin keke, don haka tsohon ba wani abu ne da ya ƙare a duniya ba. Fatar da ta sha rana da hunturu shekara 40 ta bushe, za ta yi kyau a hoto ta tsage a mako na farko. Ka nemi hoton kusa na wajen ribitin baya da na hanci, nan take fara yagewa. Ka duba dogon notin da ke ƙarƙashin hanci, wanda ake ɗaure fatar da shi: idan an murza shi har ƙarshe, sirdin ya gama miƙewa, ba sauran gyara. Idan ƙarfen ƙasan lafiya lau ne, dukawanmu za su iya ɗora masa sabon kirgi mai kauri a kan kuɗin da bai kai na jigila ba. Taya da tib da robar birki kuma ba a sayen tsofaffinsu ko da ba a taɓa amfani da su ba, roba tana mutuwa a ajiye.

Sai ciniki kansa. Jiji da kansa yana gargaɗin kada a biya kafin a ga kaya, har kuɗin kawowa, amma kullum sai an samu wanda ya tura kafin alƙalami don an ce masa wani Alhaji na hanya zai zo ya ɗauka. Hoton da ya cika kyau, keke a jingine da jan bulo ga korayen ciyayi, ka saka shi a Google Lens, manhajar binciko inda hoto ya fito, sau da yawa za ka gan shi a wata tsohuwar talla a Turai. Maganin cinikin biri a sama kiran bidiyo ne. Ka ce, “Malam, don Allah ɗaga min ƙafar baya ka juya feda in gani.” Ka kalli rim yana wucewa ta tsakanin robar birki, ko yana rawa. Ka sa ya kama hannun feda ya girgiza shi gefe da gefe, ya matse birkin gaba ya tura keken gaba da baya ka ji ko wuya na ƙwanƙwasa. Mai kaya na gaskiya ba ya jin haushin wannan. Wanda ya ce kyamararsa ta lalace, ka yi masa fatan alheri.

Idan keken a wani gari yake, ka nemi ɗan'uwa ko aboki a can ya kai shi wurin mai gyara ya duba, ka biya mai gyaran ladansa, sannan kuɗi su fita. A rubuta takarda da lambar bodi da sunan mai sayarwa da lambar wayarsa da shaida ɗaya, domin keken sata ma a intanet ake sayar da shi, kuma wanda aka kama da shi a hannu shi ke kwana a caji ofis. Wajen sakawa a mota, a cire feda biyu, a tuna ta hagu a juye take kwancewa. A juya kai ya yi daidai da bodi, a naɗe sandunan birki da kwali. Idan an cire tayar gaba, a sa guntun katako tsakanin ƙafafun fok a ɗaure, don yaran mota buhu za su ɗora a kai, kuma fok ɗin da ya matse a hanya ba direba ba ne zai biya shi.